DAGA CAJI OFIS ZUWA ASIBITI: JAWABI A KAN GWAJIN ƘWAYA GA WANDA AKA KAMA



Maganar yau ta shafi Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da ita, watau su Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Kachia da Zangon Kataf da Gwantu. Tun cikin 1927 da hanyar jirgin ƙasa ta mai da Kafanchan mahaɗa, inda layin Fatakwal ya gamu da na Kaduna da na Jos, garin bai rabu da Kudu ba. Mutanen Kudu sun zo aikin reluwe sun zauna, 'ya'yan ƙasar kuma sun gangara Kudu neman abinci, wasu aikin soja da ɗan sanda, wasu gadi, wasu dako, wasu fataucin citta da doya da dabbobi. Saboda haka duk abin da ya sami yaro a Kafanchan, kafin rana ta faɗi wayar wani ta yi ƙara a Agege ko Sabon Badun, ana neman shawara, ana neman kuɗi.

Tambayar da ke gaban jama'a ita ce wannan. In 'yan sanda sun kama yaro da laifi, aka ga alamar shaye-shaye ne ya kai shi, shin daidai ne a gwada shi a ga abin da ke jikinsa? In kuwa an gwada an samu, ina za a nufa da shi, gidan yari ko asibiti?

GIRMAN AL'AMARIN

Cikin watan Janairu na 2019 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuka, ta fitar da sakamakon babban binciken da aka yi a kan shaye-shaye a Nijeriya. Binciken ya nuna cewa mutum miliyan 14 da dubu 300, watau kashi 14.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wani abin maye cikin shekara guda, ban da giya da taba sigari. Masu shan wiwi sun kai miliyan 10 da dubu 600. Masu shan irin su tiramadol da kodin ba bisa umarnin likita ba sun kai miliyan 4 da dubu 600. Cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye, ɗaya mace ce. Cikin kowane biyar kuma, ɗaya abin ya riga ya zame masa ciwo.

A shiyyar Arewa maso Yamma, inda Jihar Kaduna take, an sami kashi 12 cikin 100. A Kudu maso Yamma kuwa, inda Ikko da Badun suke, an sami kashi 22.4. Wannan ya isa ya nuna wa mazauna Kudu cewa matsalar ba a gida kawai aka baro ta ba. Tana nan a tasha da kasuwa da bakin unguwar da suke kwana.

Akwai wasu alƙaluma biyu da suka fi shafar maganar yau. Cikin waɗanda shaye-shayensu ya yi tsanani, kusan kashi ɗaya cikin huɗu an taɓa kama su, galibi don an same su da ƙwayar, wasu kuma don sata. Sa'an nan kusan kashi 40 cikin 100 nasu sun ce suna bukatar magani, amma tsadar maganin da kunyar idon jama'a ne manyan abubuwan da ke tare musu hanya. Ashe ke nan da yawansu hannun hukuma na farko da ke taɓa su na ɗan sanda ne, tun kafin na likita. Daga nan ne tunanin gwaji a caji ofis ya samo asali: tun da yaron ya riga ya shigo hannu, a yi amfani da wannan ranar a buɗe masa ƙofar magani.

ABIN DA DOKA TA GWADA A BAYA

Ƙasar nan ta daɗe tana gwada tsanani. Cikin 1966 gwamnatin soja ta Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa dokar wiwi wadda ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma ta, da ɗaurin shekara 10 ga mai shan ta. Cikin 1975 aka sassauta wannan doka. Cikin 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa doka mai lamba 20, wadda a ƙarƙashinta aka harbe mutum uku a Kirikiri ta Ikko cikin watan Afrilu na 1985 saboda safarar hodar iblis. Gwamnatin Janar Babangida ta soke hukuncin kisan, sa'an nan a ƙarshen 1989 ta kafa hukumar NDLEA da doka mai lamba 48. Dokar wannan hukuma ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da laifin mallakar miyagun ƙwayoyi ko shan su.

Shekara hamsin da 'yan kai bayan dokar 1966, ƙididdiga ta sami mutum fiye da miliyan goma suna shan wiwi. Ba wanda ya ce a bar dillali ya sake, domin mai sayar wa 'ya'yan mutane guba ya cancanci hukunci mai tsanani. Amma shi mai shan, wanda jikinsa ya riga ya saba, ɗauri kaɗai bai raba shi da abin da ke cinsa. Ga kuma gidajen yarin ƙasar nan a cike, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke ciki jiran shari'a suke yi. Yaron da ya saci buhun citta ko wayar hannu don ya sayi ƙwaya, in ya yi wata takwas yana jiran shari'a tare da 'yan fashi, sau da yawa yakan fito da sabuwar sana'a da tsohon ciwonsa.

MENE NE GWAJIN, ME YAKE NUNAWA?

Ya kamata kowane uba ya san yadda gwajin nan yake. Mafi yawa fitsari ake karɓa a tsoma wani ɗan tsinke a ciki, cikin 'yan mintoci layi ya fito ko ya ƙi fitowa. A wasu ƙasashe miyau ake gwadawa. Abin da tsinken ke nema shi ne ragowar ƙwayar da jiki ke fitarwa, kowace ƙwaya kuwa da kwanakin da takan yi. Kodin da hodar iblis sukan ɓace daga fitsari cikin kwana biyu zuwa huɗu. Wiwi takan yi 'yan kwanaki a jikin wanda ya sha sau ɗaya, amma a jikin wanda ya daɗe yana sha kullum tana iya kai wa makonni.

Gwajin yana da iyaka, sanin iyakar kuwa shi ne kariyar talaka. Na farko, tsinke yana ganin abin da aka yi shi domin ya gani ne kawai. Tsinken da ke nuna kodin ba lalle ne ya nuna tiramadol ba, sai an sami nata na musamman, sholisho kuwa irin wannan tsinke ba ya ganinsa sam. Na biyu, yakan yi kuskure. An san cewa wani maganin tarin fuka, da wani maganin da masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau ke sha, suna iya sa wasu tsinkaye su nuna maye alhali babu. Saboda haka ƙa'idar likitoci ita ce, sakamakon da za a yi wa mutum hukunci da shi tilas ne a tabbatar da shi a babban ɗakin gwaji. Na uku, ana iya yi masa wayo. Tsofaffin mazauna Ikko ba su manta da 1974 ba, lokacin da 'yan sanda suka tsare mawaƙin nan Fela a Alagbon suna jiran su gwada bayan-gidansa don neman wiwi, gwajin ya fito babu kome, domin kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, 'yan'uwansa fursunoni ne suka taimake shi.

Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci, gwaji yana nuna cewa mutum ya sha, amma ba ya nuna ko abin ya zame masa ciwo. Yaron da abokai suka ba shi wiwi ranar biki da wanda ba ya iya tashi daga shimfiɗa sai ya haɗiyi ƙwaya biyar, layi ɗaya tsinken zai nuna musu. Mai rarrabe su shi ne ma'aikacin lafiya da zai zauna da mutum ya tambaye shi: yaushe ya fara, nawa yake sha, me ke samunsa in bai sha ba, ya taɓa ƙoƙarin bari ya kasa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya jerin tambayoyi domin wannan aiki. Na farkon nasiha da sa ido sun ishe shi. Na biyun likita yake bukata.

YADDA WASU ƘASASHE SUKA YI

A Ingila, dokar da aka yi cikin 2005 ta ba 'yan sanda ikon gwada baligin da aka kama da wasu laifuka, irin su sata da fasa gida, a ga ko akwai hodar iblis ko hiroyin a jikinsa. In an samu, tilas ne ya je ya zauna da ma'aikacin da ya san harkar shaye-shaye a tantance halinsa, ƙin zuwa kuma laifi ne. Ana sanar da kotu sakamakon domin ta duba wajen beli da hukunci. Amma a lura: zaman tantancewar ne tilas, shiga magani kuwa sai da yardar mutum.

A Amurka, cikin 1989 aka buɗe kotun masu shaye-shaye ta farko a birnin Miyami. Alƙali ne da kansa ke bin sawun wanda ake tuhuma, yana zuwa gabansa lokaci lokaci, ana gwada fitsarinsa, yana zuwa magani. In ya kammala, a soke tuhumar ko a sassauta. Yau irin waɗannan kotuna sun kai dubbai a can. Ƙasar Fotugal kuwa tun 2001 ta daina kai wanda aka samu da abin da bai wuce na shan kwana goma ba gaban kotun laifi. Ana kai shi gaban wani kwamiti ne mai masana shari'a da lafiya da jin daɗin jama'a, dillalai kuma suna nan ana ɗaure su.

Kusa da gida, cikin 2014 wani kwamitin Afirka ta Yamma da marigayi Kofi Annan ya kira, tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya shugabanta, ya ba da shawarar a ɗauki shaye-shaye a matsayin matsalar lafiya, a mai da ƙarfin doka kan manyan masu safara. Cikin 2020 ƙasar Gana ta yi dokar da ta mai da hukuncin wanda aka samu da ɗan abin shansa tara maimakon ɗauri.

Darasin da ke cikin waɗannan duka guda ne. A duk inda tsarin ya yi amfani, akwai ma'aikacin lafiya kusa da ɗan sanda, akwai kuma wurin magani da ke jiran wanda aka turo. Gwajin da babu magani a bayansa tamkar a auna zazzaɓin marar lafiya ne a rubuta a takarda a sallame shi.

ƘOFOFIN DA DOKAR NIJERIYA TA BUƊE

Jama'a da yawa ba su san cewa dokar ƙasar nan ma ta bar ƙofa ba. Ita kanta dokar NDLEA ta ba Babbar Kotun Tarayya ikon ta umarci wanda aka samu da laifi ya shiga magani da gyaran hali, in kuwa ƙaramin yaro ne kotun na iya sa wannan a madadin hukunci. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda Jihar Kaduna ta yi tata irinta cikin 2017, ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin gayya domin jama'a, da dakatar da hukunci, da sakin mutum bisa sa ido. Ta kuma hana kama wani a madadin wani, watau ba a kama uba ko mata don ɗa ko miji ya gudu. Cikin 2019 aka yi dokar da ta mai da hukumar gidajen yari hukumar gyaran hali, aka kafa mata sashe na musamman mai kula da waɗanda aka yi wa hukunci ba na ɗauri ba. A farkon 2023 kuma aka bayyana sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Jihar Kaduna ta yi wani abu da ya dace a ambata. Cikin 2016 ta yi dokar da ta kafa hukumar KADBUSA domin rigakafin shaye-shaye da maganinsa. Daga baya, a zamanin Gwamna Uba Sani, jihar ta shiga aiki da ofishin nan na Majalisar Ɗinkin Duniya a kan shirin tura masu ƙananan laifuka da shaye-shaye ya kama zuwa magani maimakon gidan yari. Haƙƙin mutanen Jema'a da Kaura da Jaba da Sanga ne su tambayi wakilansu yadda irin wannan shiri zai iso caji ofis da kotun majistare na ƙasarsu, kada ya tsaya a babban birni.

Gwajin kansa ba baƙo ba ne yanzu. Tun da Janar Buba Marwa ya karɓi shugabancin NDLEA cikin Janairu 2021 yake kira da a riƙa gwada masu neman muƙami da ɗalibai da masu shirin aure. A Kano an gwada 'yan takarar ƙananan hukumomi kafin zaɓen Janairu 2021. In har za a gwada mai neman kujera domin a hana shi, to, gwada yaron da ke tsare domin a cece shi ya fi cancanta.

INA ZA A KAI SHI?

Nan ne gizo ke saƙar. Babban wurin maganin shaye-shaye a jihar shi ne asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, wanda ke da sashe domin masu shan ƙwaya da giya. Daga Kafanchan zuwa can tafiyar sa'o'i ce a mota, ga kuɗin mota, ga kuɗin gado, ga wanda zai bar gonarsa ya yi jinya. Cikin 2025 Gwamnatin Tarayya ta karɓi asibitin tunawa da Sir Patrick Ibrahim Yakowa na Kafanchan ta mai da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Wannan dama ce babba. Ya kamata sarakuna da ƙungiyoyin 'yan gari su sa bukatar ingantaccen sashen maganin shaye-shaye a sahun gaba na abin da suke nema ga wannan asibiti.

Inda babu asibiti kusa, iyaye kan faɗa hannun gidajen mari. Cikin watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki. Cikin makonnin da suka biyo baya an sami irin wannan a Daura da Katsina da Zariya. Yawancin iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ta sa su ba, rashin sanin wurin zuwa ne. Amma sarƙa ba ta warkar da kowa, dokar ƙasa ta 2017 kuma ta haramta azabtarwa.

Maganin gaskiya yana da matakai. Na farko shi ne raba jiki da ƙwayar a gaban likita. Mai shan kodin ko tiramadol in ya daina, yakan yi kamar mako guda yana fama da ciwon gaɓoɓi da zawo da rashin barci. Wanda ya daɗe yana shan ogogoro ko ƙwayoyin barci irin su baliyam, dainawa farat ɗaya na iya jawo masa farfaɗiya har ta kai ga rasa rai. Saboda haka kulle irin wannan mutum a ɗaki ko a bayan kanta ba tare da likita ba haɗari ne. Mataki na biyu shi ne zaman shawara na watanni, domin masana sun lura cewa maganin da bai kai wata uku ba amfaninsa kaɗan ne. Na uku shi ne komawa cikin jama'a da sana'a a hannu. Komawa shan bayan an bari abu ne da ke samun kamar rabin masu jinya, kamar yadda hawan jini ke tashi in an yi sakaci da magani. In haka ta faru a koma wurin likita, kada a ce an gama da yaron.

Akwai gargaɗi guda da ya kamata kowane gida ya riƙe. Wanda ya yi watanni a tsare ko a asibiti, jikinsa ya manta yawan da ya saba ɗauka. In ya fito ya sha kamar yadda ya saba a da, yana iya mutuwa. Makonni biyun farko bayan fitowa su ne mafi haɗari.

Ba sai an je Turai ba kafin a ga amfanin dangi a wajen jinya. Cikin 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abekuta, inda marar lafiyar ƙwaƙwalwa ke sauka a gidan mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana. Duniya ta yaba da wannan tsari. Abin da ya yi aiki a ƙasar Yarabawa shekara saba'in da suka wuce zai yi aiki a ƙasar Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Hausawa da Fulanin Jema'a.

SHARUƊƊAN DA ZA SU SA GWAJIN YA ZAMA ADALCI

Duk wanda ya san halin caji ofis ya san cewa sabon iko yana iya zama sabuwar hanyar karɓar na goro. Domin kada gwaji ya zama haka, akwai sharuɗɗa biyar. Ma'aikacin lafiya ne zai yi gwajin, a gaban shaida, a rubuta. A gaya wa mutum abin da za a yi da sakamakon kafin a karɓi fitsarinsa, in yaro ne kuma a kira mai kula da shi. Sakamakon ya zama hanyar kai shi magani, kada a mai da shi sabuwar tuhuma a kan wadda aka kama shi da ita. A tsare sirrinsa, kada a yi tallarsa a gaban 'yan jarida. Sa'an nan mace ce za ta kula da gwajin mace. A ƙasar da ta sha rikici kamar Kudancin Kaduna, tun daga na Kafanchan cikin 1987 da na Zangon Kataf cikin 1992 har zuwa na bayan zaɓen 2011, akwai sharaɗi na shida: a yi wa kowa daidai, kada wata unguwa ko wata ƙabila ko mabiya wani addini su ga cewa 'ya'yansu kaɗai ake gwadawa.

AIKIN DA KE KAN MAZAUNA KUDU

To, jama'a, ga abin da ya rage ga masu karɓar waya daga gida. Tsarin mulkin ƙasa ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Beli a caji ofis kyauta ne. Kuɗin da za a aika domin a kashe magana, gara a raba shi tsakanin lauya da likita. Wanda ba shi da halin lauya, akwai Hukumar Ba da Taimakon Shari'a da aka kafa tun 1976. A roƙi lauyan ya gaya wa alƙali cewa yaron yana da ciwon shaye-shaye, dangi kuma a shirye suke su tsaya masa ya shiga magani. Alƙali ba ya ba da abin da ba a roƙa ba.

A daina jifa da yaro tsakanin Arewa da Kudu. Yaro ya gagara a Kafanchan, a ce a tura shi wurin wansa a Ikko. Ya gagara a Ikko, a ɗora shi bayan tirela a mai da shi wurin tsohuwa. Canjin gari bai raba shi da ciwon ba, sai dai ya raba shi da masu sa masa ido. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Yaba ta Ikko, da Aro, da Uselu ta Binin, da Inugu, da Kalaba, ƙofarsu a buɗe take ga kowane ɗan ƙasa. Hukumar NDLEA kuma ta buɗe layin waya na kyauta cikin 2022 domin masu neman shawara, lambarsa 0800 1020 3040.

A kuma dubi na kusa. Da yawa daga cikin 'yan dako da 'yan acaba da masu haƙa da masu gadi sun fara shan tiramadol ne domin ƙarfin aiki. Abin da hukumar NAFDAC ta amince da shi mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100, bisa umarnin likita. Wanda ake sayarwa a ɓoye yakan kai 200 ko 225, yawansa kuma na jawo farfaɗiya. Hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi da gwamnati ta yi cikin watan Mayu na 2018 bai kawar da sauran ba. Ubangidan da ya ga yaronsa na aikin mutum uku ba gajiya, ba cin abinci, ya kamata ya tambayi kansa dalili.

Ƙungiyoyin 'yan gari suna da asusun kai gawa gida. Ya dace a buɗe na biyu domin kai mai rai asibiti. Wanda ya gama jinya kuma a ba shi rumfa, ko a sa shi koyon sana'a, ko a sama masa gona, domin zaman banza ne ke mai da mutum inda ya fito. Kada a manta da 'ya'ya mata, waɗanda kunya ke sa a ɓoye su har abin ya ci ƙarfinsu.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ranar da aka kama yaro rana ce ta baƙin ciki ga gida, amma ita ce ranar da ɓoye-ɓoye ya ƙare, kowa ya san gaskiya. In dangi sun san haƙƙinsu, alƙali ya yi amfani da ikon da doka ta ba shi, likita kuma yana kusa, to, ana iya mai da wannan yaro gida da lafiyarsa. Allah ya shirya zuriya, ya ba ƙasa lafiya da zama lafiya.